Na karɓi ɗakin kwamfutar makaranta: yaya zan haɗa netwok, in dawo da gem ɗin da, in kuma mai da shi sana'a?

Tambaya

Assalamu alaikum, Malam. Ni malami ne a wata makarantar kuɗi da ke Gwale, a cikin birnin Kano. An sayo kwamfutocin tebur guda 20 na tokumbo, aka damƙa mini makullin ɗakin don kawai an ga ina iya lallaɓa firinta in ta ƙi aiki. Ina so in haɗa su wuri ɗaya. Abin da kuma ke raina shi ne, ina tuna zamanin da muke sakandare muna satar buga Dangerous Dave da Pinball in malami ya juya baya, daga baya kuma Counter-Strike a kafe. Ina so yaranmu su ɗanɗani irin wannan ran Alhamis bayan an tashi. Ta ina zan fara? Kuma wannan aikin zai iya kai ni ga sana'ar netwok ta gaske, ko sai na yi jarrabawar CCNA tukuna?

Amsa

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya taya ka riƙo. Tambayar taka rassa uku gare ta, amma saiwarsu ɗaya. Ɗakin da yara 20 za su yi tseren mota a kan netwok ba tare da wani ya tsinke a tsakiya ba, ɗaki ne da aka haɗa daidai, wanda ya haɗa shi kuwa ya riga ya sa ƙafa a sana'ar.

Ka fara da waya, ka ajiye maganar Wi-Fi. Galibin kwamfutocin tebur na tokumbo ba su da shi, amma kowace tana da ramin wayar netwok a bayanta. Ka nemi siwic, wato akwatin da wayoyin kwamfutocin duka ke haɗuwa a cikinsa, na gigabit mai rami 24, irin wanda ba a saita masa komai. Kwamfutocin yara 20, taka ɗaya, rawuta (na'urar da ke haɗa ɗakin da intanet) ɗaya, 22 ke nan, biyu sun rage. Wayar Cat6 a kwali take zuwa, mita 305. In ka ƙiyasta mita 12 ga kowace kwamfuta, mita 252 za su tafi, kwali ɗaya ya isa in ba a yi ɓarna ba. Kawunan RJ45, waɗanda ake matsawa a bakin waya, guda 44 kake buƙata, amma sayi fakiti mai 100, don hannun koyo sai ya lalata da yawa. Sai filayar matse kan waya, da testa mai fitilu takwas, da kwaroron roba na bango. Duk za ka same su a titin Beirut.

Wajen sayen waya ne aka fi cutar mutane. Akwai wadda aka rubuta wa CCA a kwali, wato alminiyam ne aka yi wa fentin jan ƙarfe. Tana da araha, amma araha ba ta ado: tana karyewa a cikin kan RJ45, sai ka ga kwamfuta yau tana gani gobe ba ta gani. Kafin ka biya, ka fere silin waya ɗaya ka kankare shi da reza. In cikin ya fito fari kamar cokali, mayar musu da abinsu.

Ga yadda ake jera silolin takwas, bisa tsarin T568B, kana kallon kan ta ɓangaren ƙarafunan, maɓallin yana ƙasa, daga hagu zuwa dama: fari mai ratsin ruwan lemo, ruwan lemo, fari mai ratsin kore, shuɗi, fari mai ratsin shuɗi, kore, fari mai ratsin ruwan ƙasa, ruwan ƙasa. Haka za ka yi a duka bakin biyu. Ka fere rigar wayar kamar santimita 3, ka warware, ka jera, ka datse su daidai su rage kamar santimita ɗaya da ɗan ɗori, ka tura har rigar ta shiga cikin kan kafin ka matse. Kowace waya sai ta bi ta testa. Dalili kuwa, gudun megabit 100 siloli huɗu kawai yake amfani da su, na 1, 2, 3 da 6, shi kuwa gigabit duka takwas yake so. Saboda haka in sili na 7 bai kamu ba, wayar za ta yi aiki, ba za ta yi ƙorafi ba, sai dai ta sauka zuwa 100 a ɓoye, kai kuma kana ta zargin kwamfutar da nauyi. Kada waya ɗaya ta wuce mita 100. Ka rubuta lamba a bakinta biyu, lambar ta yi daidai da ta kwamfutar da ta ramin siwic.

Siwic ɗin kuma a akwati mai kwaɗo za ka sa shi, can sama a bango. Yaro ɗaya mai ƙiriniya ya ɗauki waya ya soka bakinta biyu a siwic guda, saƙonni za su dinga zagaye ba tsayawa, ɗakin duka ya mutu. Alamarsa ita ce ka ga dukkan fitilun siwic suna ƙyaftawa tare da sauri kamar sun haukace.

Sai adireshi. Ka ba rawuta 192.168.10.1, ka bar ta ta dinga raba wa kwamfutocin yara daga 192.168.10.100 zuwa 199 da kanta, abin da ake kira DHCP. Taka kwamfutar da firinta ka ba su tsayayyen adireshi, misali 10 da 20 a ƙarshe, don kada su dinga canjawa. In wata ta ƙi gani, buɗe cmd, tagar rubuta umarni ta Windows, ka rubuta ipconfig. Ka ga adireshi ya fara da 169.254, to ba ta samu mai ba ta adireshi ba ne ta raɗa wa kanta: duba waya, duba ramin siwic, duba ko rawuta na kunne. In kuwa rabin ɗakin na gani rabi ba ya gani, adireshinsu kuma ya sha bamban, wani ne ya jona rawuta ta biyu, masu rabo suka zama biyu. Daga nan ka gwada ping 192.168.10.1, don ka ga ko rawuta za ta amsa. A lura, Windows yakan ƙi amsa ping daga wata kwamfutar in an bar netwok ɗin a kan Public ko ba a kunna raba fayil ba. Ka mai da kowace Private.

Yanzu aikin yau da kullum, wanda shi ne ainihin aikin, haɗa waya na mako ɗaya ne kawai. Kowace kwamfuta ta zama tana da asusu biyu: naka na mai iko da kalmar sirri, da na ɗalibai wanda ba ya iya girka komai. Wannan kaɗai zai rage maka rabin wahala, musamman bairos ɗin filash mai ɓoye fayiloli ya bar maka shotkot. Ka girka Veyon, kyauta ce, za ta nuna maka fuskar kwamfutocin yara duka a taka, ka kulle su ko ka kashe su a lokaci ɗaya. Da a ce malamanku na da suna da ita, da ba ku sha Dave a ɓoye ba.

Kwamfutar tokumbo na da ciwon da ba a cika ganewa ba: ɗan batirin CR2032 da ke kan allon cikinta. In ya mutu, kwanan wata zai dinga komawa baya duk lokacin da aka ɗauke wuta, shafukan intanet su ƙi buɗewa suna cewa haɗin ba amintacce ba ne. Mutane kan sake Windows gaba ɗaya saboda wannan, alhali batirin agogo ne. Canja duka 20 tun yanzu. Sai ƙura. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hunturu zai cika fankokin da ƙasa, in zafin Afrilu ya zo ya same su a toshe sai kwamfuta ta dinga mutuwa da kanta. Sau ɗaya a wata a fito da su waje a hure da bulowa, a dafe fanka da yatsa kada ta yi ta juyawa, a rufe su da ƙyalle bayan an tashi.

Wuta kuma a yi mata lissafi. Kwamfutar tebur da allonta na cin wajen wat 100 zuwa 150, guda 20 ke nan kilowat 2 zuwa 3, ban da fanka da firinta. Ƙaramin injin shago ba zai ɗauka ba, sai mai kamar kVA 5. In kuɗin UPS, batirin da ke riƙe na'ura in an ɗauke wuta, na kowace bai samu ba, sayi ɗaya ka ɗora masa siwic da rawuta da kwamfutarka. Tsohon hadis mai juyawa ba ya son ɗaukewar wuta ba zato, don haka duk wanda ya mutu a maye shi da SSD, hadis ɗin da ba ya juyawa.

Microsoft ta daina tallafa wa Windows XP a 2014, Windows 7 a Janairun 2020, Windows 10 kuma a Oktoban 2025, yawancin tsofaffin injinan nan kuwa ba su cika sharuɗɗan Windows 11 ba. In haka naka suke, Linux Mint, wadda ake girkawa a madadin Windows, mafita ce mai kyau ga waɗanda za su dinga hawa intanet. Abin da bai kamata ba shi ne ka sa XP don marmarin da, ka kuma jona ta da intanet.

To, mu zo kan gem. Abin daɗin shi ne wasa tsakanin kwamfutocin ɗaki ɗaya ba ya cin data ko ta sisi, ko an cire layin intanet zai yi. Waɗancan wasannin ma ba a banza suka zauna a ɗakunan kwamfuta ba. Solitaire ya zo da Windows 3.0 a 1990, an sa shi ne don mutane su saba da jan abu da mawus, manhajar Mavis Beacon kuma ita ta koya wa da yawa buga rubutu ba tare da kallon kibod ba. Pinball ɗin da kake tunawa daga XP aka yi sallama da shi, bai shiga Vista ba. Dave wasan DOS ne, Windows mai bit 64 ba ya buɗe irinsa kai tsaye, sai ta cikin DOSBox, wadda ita ma kyauta ce. Kada dai ka yi mamaki in yaran da suka tashi da gem ɗin waya suka kalle shi minti biyu suka ce Malam, ina sauran?

Counter-Strike 1.6, na 2003, har yau yana gudu lafiya a kan raunanan injina. Kwamfuta ɗaya ke buɗe wasan, sauran su same ta ta ƙofar UDP 27015. In sunan wasan bai fito a jerin ba, ko dai katangar tsaron Windows ce ta tare shi, ko kuma nau'in da aka girka ba iri ɗaya ba ne. Amma ni ban ba ka shawarar sa shi a makaranta ba. Na farko, na kuɗi ne, kwafin satar da ke yawo a filash kuma galibi da bairos yake tafe. Na biyu, ranar da wani uba ya ji ɗansa na harbin mutane a ɗakin kwamfuta, kai da makullin za ku rabu. SuperTuxKart ya fi dacewa: tseren mota ne, kyauta, yana gudu a Windows da Linux, kuma tun nau'in 2019 yana da wasan netwok. Girka nau'i ɗaya a duka, ka rage ingancin hoto zuwa ƙasa, ka raba yaran rukuni-rukuni. Ka nemi izinin shugaban makaranta a rubuce, a kuma tsayar da lokacin yadda ba zai ci sallar La'asar ko Islamiyya ba.

Maganar sana'a. CCNA ta kamfanin Cisco ce, lambar jarrabawar 200-301, minti 120, kuɗinta dala 300, takardar kuma shekara uku take yi kafin a sabunta. Tana da daraja, amma bai kamata ta zama farko ba. Wanda ya haddace amsoshi ya ci, aka miƙa masa filaya da siwic ya tsaya kallo, a ranar farko ake gane shi. Ka yi rajista da Cisco Networking Academy ka sauke Packet Tracer, manhajar kwaikwayon netwok, kyauta, ka zana ainihin ɗakinka a ciki, sannan ka fara yi masa abin da siwic ɗinka ba zai iya ba: raba netwok ɗin ɗalibai da na ofis da VLAN, haɗa rawuta biyu, hana wani sashe shiga wani. In kana son aji mai malami, Digital Bridge Institute, wadda hukumar NCC ta kafa, tana da reshe a Kano. Ga mai neman aiki da masu raba intanet kuwa, sanin kayan kamfanin MikroTik na da kasuwa sosai, don kayansu sun fi araha, ƙananan kamfanoni da otal-otal sun fi amfani da su. Takardarsu ta farko ita ce MTCNA.

Ka buɗe littafi tun yau. Zanen ɗakin, adireshin kowace na'ura, ranar da abu ya lalace, abin da ka gani, abin da ka gwada, abin da ya gyara shi. Shi za ka nuna ranar ganawar neman aiki in an ce me ka taɓa riƙewa.

Wuri mafi kusa da za ka gwada hannunka bayan makarantarku shi ne cibiyoyin jarrabawar JAMB, wadda ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya tun 2015. Zaure ɗaya na ɗaukar masu jarrabawa 250, ga injinan ko-ta-kwana, ga saba, wato babbar kwamfutar da sauran ke jone da ita, kuma suna neman hannu in lokacin ya gabato. Ga aikin gida daga nan: tsarin adireshin da na ba ka yana tafiya ne da subnet mask 255.255.255.0, lambar da ke iyakance girman netwok, na'ura 254 kawai yake ɗauka, don haka ba zai ishi irin wannan zauren ba. In aka mai da shi 255.255.254.0 zai ɗauki 510. Ka zauna da biro da takarda ka gano daga ina 254 da 510 suka fito, kada ka taɓa kalkuleta. Da wannan lissafin za ka buɗe karatun CCNA.