Tambaya da Amsa: Haɗa Mabuɗin Fim Mai Sa Fargaba da Wayar Hannu

Yawancin saƙonnin wannan makon daga ɗaliban koyon aikin jarida da na wasan kwaikwayo suka zo. An ba su aikin haɗa mabuɗin fim, wato ɓangaren farko inda sunayen ma'aikata da sunan fim ke fitowa. Ga huɗu daga ciki.

Assalamu alaikum Malam. Mu biyar ne a rukuninmu. An ce mu haɗa mabuɗin fim mai sa fargaba, kada ya wuce minti biyu. Labarinmu na wata ɗaliba ce da ta ɓace daga ɗakin kwananta. Ba mu da kyamara sai wayoyi. Ta ina za mu fara? (Wata ɗaliba, Zariya)

Wa alaikumus salam, Malama. Ku fara da takarda da biro, wayar ta jira tukuna.

Abin da ya fi ɓata irin wannan aiki shi ne ƙoƙarin cusa labarin gaba ɗaya cikin minti biyu: a sace yarinya, a kira 'yan sanda, a kama mai laifi, duk kafin sunan darakta ya fito. Mabuɗi aikinsa ɗaya ne, ya dasa wa mai kallo tambayar da za ta hana shi tashi. Ku nemi mabuɗin fim ɗin Se7en na 1995 da Kyle Cooper ya tsara. Ba a nuna fuskar mai laifin ba, sai hannayensa da reza da allura da littattafan da yake cikawa da rubutu, amma kafin a gama ka san akwai mugun mutum a labarin. A Psycho na 1960 kuwa, Saul Bass layuka da rubutu kawai ya yi amfani da su, kiɗa ya ƙarasa sauran.

A naku labarin, ni da zan ba da shawara, kada ma a ga yarinyar. A nuna gadonta a gyare ba a kwana a kai ba, silifas ƙafa ɗaya a bakin ƙofa, katin shaidarta a ƙasa, waya tana haske a ƙarƙashin matashin kai babu mai ɗauka. Waɗannan duk ɗauka ce ta kusa-kusa, kuma nan ne waya ta fi ƙarfi.

Sai lissafi. Minti biyu daƙiƙa 120 ne. In kowane hoto zai ɗauki kamar daƙiƙa 4, kuna bukatar hotuna 30. Ku zana akwatuna 30 a takarda, ko da zanen 'yan firamare ne, a ƙarƙashin kowanne ku rubuta abin da za a gani, abin da za a ji, da sunan da zai hau kansa. Ranar ɗauka ba sai kun bi jerin labarin ba; ku gama duk abin da ke ɗaki ɗaya kafin ku kwashe fitilu zuwa wani. Ku je lokeshan tun kafin ranar, a daidai lokacin da za ku yi ɗaukar, don ku ga hasken wurin ku ji hayaniyarsa. Ku kuma karɓi izinin hukumar makaranta a rubuce. Wuƙa ta gaske ko bindigar roba a waje, da dare, wallahi ban yarda ku gwada ba. Wanda ya hango ku daga nesa bai san fim kuke yi ba.

Malam, mun yi ɗauka da dare a ɗaki, sai hoton ya fito da baƙaƙen layuka suna yawo, ga kuma ɗige-ɗige kamar yashi. Wayar ce ta lalace? (Wani ɗalibi, Kano)

Wayarka lafiyarta ƙalau, ɗan'uwa. Matsaloli biyu ne suka haɗu.

Layukan daga wutar lantarki suke. Wutar Najeriya da Nijar tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, wanda ke sa ƙwan fitila da yawa ƙiftawa sau 100 a daƙiƙa. Ido ba ya kama wannan, kyamara tana kamawa. Yawancin wayoyi kuma suna zuwa a saite kan firam 30 a daƙiƙa (firam shi ne kowane tsayayyen hoto cikin jerin da ke haɗuwa ya zama bidiyo), wanda ya dace da wutar Amurka mai juyawa sau 60. Maganin shi ne ka mayar da ɗaukar firam 25, saurin shata kuma, wato tsawon lokacin da kyamara ke karɓar haske a kowane firam, 1/50 na daƙiƙa. A iPhone, shiga saitin kyamara, ɓangaren ɗaukar bidiyo, ka kunna zaɓin PAL, firam 25 zai bayyana. A Android, manhajar Open Camera kyauta ce kuma tana ba da damar saita shata da hannu a wayoyin da suka yarda da hakan. Akwai kuma Blackmagic Camera, ita ma kyauta, sai dai ba kowace Android take hawa ba. In da ƙaramin janareta kuke aiki, wutarsa ba ta tsayawa daidai kan 50, don haka layukan na iya dawowa. Ku kashe ƙwan ɗakin ku koma fitilar caji, amma ku gwada ta a kyamara tukuna, domin wasu masu arha suna ƙiftawa in an rage haskensu.

Yashin kuwa ƙarancin haske ne. Idan wuri ya yi duhu, waya tana ɗaga ISO, wato saitin da ke ƙara wa hoto haske, da kanta don ta gani, hoto ya lalace. Duhun da kake gani a finafinai haska shi aka yi, sannan aka zaɓi inda inuwa za ta faɗa. Sa fitila ɗaya mai ƙarfi daga gefe, ka rataya farin ƙyalle a gabanta don hasken ya yi laushi, ka bar ɗaya gefen fuskar cikin inuwa. Riƙe ISO ƙasa gwargwadon iko. Danna allon ka riƙe har waya ta kulle haske da fokas, in ba haka ba za ta riƙa sauya su duk lokacin da wani ya motsa. Kada ka yi zum da yatsa, matsa kusa da ƙafarka. Kuma goge gilashin kyamarar kafin kowace ɗauka.

Sunayenmu masu ƙ da ɗ da ɓ suna fitowa kamar akwati a CapCut. Kuma sunan wa ake fara sawa? (Wata ɗaliba, Jos)

Salon rubutun da kika zaɓa ne ba shi da haruffan Hausa masu lanƙwasa. Sauko da Noto Sans ko Andika, duka kyauta ne kuma suna da su, ki shigar da shi cikin CapCut ɗin, manhajar haɗa bidiyon. Kada ki yarda ki mayar da ƙ ta koma k don kawai salon ya burge ki. Sunan mutum haƙƙinsa ne. Jerin da aka saba: kamfanin da ya shirya, manyan jarumai, sunan fim, sauran ma'aikata, furodusa, marubuci, darakta a ƙarshe. Salo ɗaya ya isa. Kowane suna ya tsaya har ki iya karanta shi a fili sau biyu, kuma ki nisanta shi da gefen allo don kada majigi ya yanke shi.

Za mu iya ɗora kiɗan wani fim na waje? Kuma in mun tura aikin ta WhatsApp sai ya dusashe. (Wani ɗalibi, Maraɗi)

Kiɗan wani yana da mai shi, kuma in kun ɗora a YouTube tsarinsu na gano kayan masu haƙƙin mallaka, Content ID, zai iya gano shi, a toshe bidiyon ko kuɗin tallansa ya tafi ga mai kiɗan. YouTube na da rumbun kiɗa na kyauta, ku duba sharaɗin kowanne. Amma abin da na fi so ku yi shi ne ku naɗi sautinku: ƙarar ƙyaure, ɗigar famfo, takun silifas a baranda, numfashi. Ku naɗa daban da wata wayar, kusa da abin, a ɗakin da aka kashe fanka, sannan ku gyara a manhajar gyaran sauti ta Audacity. Rabin fargabar irin wannan fim ta kunne take shiga, kuma daƙiƙa biyu na shiru tsit kafin sunan fim ya fito sun fi ganga aiki.

Dusashewar kuwa WhatsApp ne ke matse bidiyo. Ku fitar da aikin a 1080p, MP4, firam 25 kamar yadda kuka ɗauka, ku tura shi a matsayin takarda, wato ta zaɓin Document, wanda ke ɗaukar fayil har gigabait 2 ba tare da ya taɓa ingancinsa ba. Ainihin hotunan da kuka ɗauka kuma ku kwafe su a kwamfuta da filashi tun daren da aka gama ɗauka, kafin kowa ya fara editin.