Kun Tambaya: Me Ya Rufe Gidan Yarin Alcatraz?

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Na ji an ce tserewar wasu fursunoni uku ce ta sa Amurka ta rufe gidan yarin tsibirin Alcatraz. Gaskiya ne? Kuma yanzu ana barin mutane su shiga? Daga wata mai karatu a Damagaram.

AMSA: Malama, tserewar ta kunyata hukuma, amma kuɗi ne suka rufe shi.

Tsibirin dutse ne a mashigin ruwan San Francisco, kimanin kilomita biyu daga gaɓa. Asalinsa sansanin soja ne. A 1853 aka fara ginin ganuwa da girke igwa don tsare bakin teku, daga baya sojoji suka riƙa tsare masu laifinsu a ciki. A 1934 ya koma gidan yarin gwamnatin tarayya, inda ake kai waɗanda suka gagari sauran gidajen yari, irin su ƙasurgumin shugaban 'yan daban nan Al Capone. Faɗin ɗaki ƙafa biyar, tsawo ƙafa tara, mutum ɗaya a ciki.

Tekun da ke tsare fursunonin shi ya ci gidan. Babu rijiya ko ɗaya a tsibirin, sai an yi jigilar ruwan sha kusan galan miliyan ɗaya duk mako. Abinci da man janareto ma sai ta jirgin ruwa. Iskar gishiri kuwa ta sa ƙarfen cikin gini tsatsa, kankare ya riƙa marmashewa. Ɗawainiyar gidan ta kusa ninka ta sauran gidajen yari sau uku. Aka rufe shi ranar 21 ga Maris, 1963.

Wannan ruɓewar ginin ce ma ta taimaki mutum ukun da kika ji labari. A watan Yunin 1962, Frank Morris da 'yan'uwan nan biyu, John da Clarence Anglin, suka kankare bangon ramin shan iska da cokula da kuma injin shara da suka mayar abin huda. Suka ɗora kawunan bogi na sabulu da takarda a kan matashi, har da gashi daga wurin aski, mai gadi ya leƙa ya ga kamar barci suke. Kwalekwalensu kuwa da rigunan ruwa sama da hamsin suka haɗa shi. Har yau ba su ba gawarsu.

Shiga kam ana shiga tun 1973. Jirgi na tashi daga tashar Pier 33, tafiyar kamar minti goma sha biyar. A sayi tikiti da wuri ta intanet, don lokacin bazara yakan ƙare kwanaki kafin ranar. A tafi da rigar sanyi da takalmi mai daɗin tafiya, domin hawa daga bakin ruwa zuwa ginin ya kai na bene mai hawa goma sha uku.