Amsa: Rijiya na ƙafewa da bazara, a ƙara mata zurfi ko a haƙa burtsatse?

Malam, ka ce rijiyar gidanka a Katsina tana ƙafewa duk bazara, kana tambaya ko ka ƙara mata zurfi ko ka haƙa burtsatse. Ka fara da yasa da ƙarin zurfi, kuma lokacinsa shi ne tsakanin Afrilu da Mayu, kafin ruwan farko ya sauka. A lokacin ne ruwan ƙasa yake yin ƙasa sosai, duk rijiyar da ta ba da ruwa a wannan tsakani za ta riƙe ka har shekara ta zagayo. Wanda ya haƙa a ƙarshen damina shi ne ke komawa sayen jarka wajen 'yan ga-ruwa tun watan Maris.

Sharaɗi ɗaya: idan maginan rijiya suka ci karo da fa, wato shimfiɗaɗɗen dutse mai tauri, a dakata. Yawancin jihar nan, musamman daga Dutsin-Ma zuwa Funtuwa, kan dutse take zaune, ruwan kuma yana kwanciya ne a ruɓaɓɓen dutsen da ke sama da cikin tsagogin da ke ƙarƙashinsa. In ba a dace da tsaga ba, ko mita 100 aka huda ƙura za a yi ta fitarwa. Na ga maƙwabcin da ya yi wannan asarar don ya ƙi biyan masu awon ƙasa da ke gano inda ruwa yake, wai tsada. To in burtsatsen ya zama dole, a fara kawo su da na'urarsu su nuna wurin, sannan ka nemi a gwada ƙarfin ruwan kafin ka sayi famfo da tanki.