Amsa ga mai tambaya kan kalmar "charge"

Ɗan'uwa, ka tambayi yadda aka yi kalma ɗaya take nufin cajin waya, da kuɗin da banki ke cirewa, da tuhuma a kotu. Wallahi ba kai kaɗai ba ne, duk mai fassara ya sha wuya a hannunta.

Asalinta lodi ne. A ƙarni na 13 ta shigo Turanci daga tsohon Faransanci, chargier, wato ɗora kaya, tushenta kuma Latin carrus, keken dakon kaya. Car da cargo da carry duk 'yan ɗaki ɗaya ne da ita. Ka riƙe ɗora kayan nan, sauran za su zo da sauƙi: an ɗora maka kuɗi, an ɗora maka laifi, an ɗora maka amana. Ta lantarki sai ƙarni na 18 ta bayyana, zamanin su Benjamin Franklin, Ba'amurken da ya yi bincike kan lantarki, ana ɗura wuta kamar yadda ake ɗura wa bindiga albarushi.

In ka ci karo da ita, dubi ƙaramar kalmar da ke maƙale da ita. Charge for kuɗi ne. Charge at afka wa mutum ne. In charge of, kai ne mai kula. In the charge of, kai ake kula da kai. "The" ɗin nan kaɗai ta juya zancen.

Wanda ke ƙona min rai shi ne charged with. Sai a ce an charged mutum with theft, mai gaggawa ya rubuta "an same shi da laifin sata". Haba! Tuhuma ce kawai, ko shaida ɗaya ba a saurara ba. Samun laifi convicted ne. Bawan Allah yana da iyali da maƙwabta, labari ya zaga unguwa, surukai sun ji, gobe kotu ta wanke shi, wa zai bi gida-gida ya gyara? Rubuta "ana tuhumarsa", ka tsaya nan.

Af, caji ofis ɗinmu ma daga nan ya fito, inda 'yan sanda ke rubuta tuhuma, ba wurin cajin waya ba.

Ka kula da discharge kuma, sauke kaya ke nan. A asibiti sallama ce. A kotu ma sallama ce, amma ba lallai wankewa ba, ana iya sake gurfanar da mutum. Sai ka ga acquitted sannan ka rubuta "an wanke shi".