Ga mai son haɗa jirginsa da hannunsa: ribiti ba shi ne abin tsoro ba

Wa alaikumus salam, Malam. Ka ce kana son sayen ƙaramin jirgin sama irin wanda ake turowa gunduwa-gunduwa a akwati ka haɗa da kanka, amma kana shakkar ko hannunka zai iya aikin ƙarfen, kuma kana tambaya ko kai za ka riƙa kula da shi bayan ya tashi. Na haɗa nawa mai kujeru biyu, har yau ni nake kwance shi ina dubawa, don haka bari in faɗa maka abin da na gani.

Aikin ƙarfen zai zauna maka a hannu. Kamfanoni irin su Van's Aircraft da Zenith suna turo fallayen alminiyom a yanke, yawancin ramukan ma a huje. Ka fara da wutsiya, ita ce mafi arha, in ka ɓata yanki ka sake oda. Za ka riƙe fallaye da maƙalan wucin gadi da ake kira Cleco, ka goge bakin kowane rami har yatsanka ya daina jin kaifi, sannan ka buga ribiti, wato ƙusar da ake baje bayanta don ta haɗa fallaye. Kan da ya baje ta baya ya kai faɗin ribitin sau ɗaya da rabi, tsayinsa kuma rabin faɗin. Wanda ya karkace a huje shi a cire. Kafin ka gama wutsiya kunnenka ma zai riƙa gane bugun da ya zauna.

Lokaci kuwa, abin da kamfani ya rubuta ka ɗauke shi a matsayin mafi ƙaranci. Awa ɗaya kullum a garejin da ke jikin gida ta fi yini guda a wata a rumfar filin jirgi. Kuma ka riƙa rubuta aikin kowace rana da hotuna, kai ma kana ciki. A Amurka dokar FAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama, ta ce sai fiye da rabin aikin ya fito daga hannun wanda ya yi don koyo ko sha'awa, mai dubawa kuma zai nemi shaida. A Ingila ƙungiyar masu ƙananan jirage ta LAA ce ke bin aikin mataki-mataki. Ka san dokar ƙasar da za ka yi wa jirgin rajista kafin ka biya ko sisi.

Inda nake so ka sa ido sosai shi ne daga injin zuwa tankin mai. A nan littafin kamfani yake taƙaita bayani, a nan kuma mutum ya gaji, jirgi ya yi kama da jirgi, zuciya na cewa a tashi. Binciken da NTSB, hukumar binciken haɗurran sufuri ta Amurka, ta fitar a 2012 ya nuna matsalar inji na gaba-gaba a haɗurran irin waɗannan jirage, kuma da yawa tun a tashin farko-farko suke faruwa. Saboda haka kafin tayar farko ta bar ƙasa, ka kafa jirgin hanci sama kamar yana hawa, ka zare tiyon mai daga bakin kafireto, ka tara jarka, ka duba agogo. In nauyin man ne ke gangaro da shi, ya ba ka kashi 150 cikin ɗari na abin da injin ke sha da cikakken ƙarfi. In famfo ne, 125. Ka wanke tanki da kyau, don ɓurɓushin alminiyom da guntun gam suna laɓewa a ciki, sai a sama su toshe matata. Kada ka naɗa farin tef ɗin masu aikin famfo a mahaɗar tiyon mai. Sannan a ɗora jirgin kan sikeli a san inda nauyinsa ya tsaya, ba a ƙiyasi.

Tashin farko ba sai kai ba. In ka daɗe ba ka tuƙa ba saboda gini ya cinye ka, ka ba wanda ya saba da irin jirgin, kai kuma ka sami horo a kan ɗan'uwansa. A Amurka akan ware awa 40 na gwaji, ko 25 in injin da farfelar masu takardar shaidar hukuma ne, a yanki ƙayyadadde ba fasinja.

Kula da shi kuwa, eh, naka ne. A Amurka wanda ya gina zai iya karɓar takardar da ke ba shi damar binciken shekara-shekara na wannan jirgin kaɗai. Duk canjin baƙin mai ina yanka filta, in warware takardar ciki a hasken rana ina neman ƙyallin ƙarfe. Ina bin salansa da tocila saboda tsagewa, ina taɓa kowace waya da tiyo in ji ko tana gogar wani abu. In injin Rotax 912 ka sa, kayan robarsa ana canza su duk shekara 5 ko da sun yi kyau a ido. In Lycoming ne, zama shi ke sa masa tsatsa a ciki, gara a riƙa tashi da shi. Duk da takardar binciken, ni ina kiran wani ya zagaya bayana, don idon da ya ɗaura noti yakan ga abin da yake tsammani ne. Ƙungiyar masu haɗa jiragensu ta EAA, wadda aka kafa a Amurka a 1953, tana da masu ba da shawara da ke zuwa duba aiki kyauta.

Ka faɗa mana injin da kake hange da tsawon filin da za ka riƙa tashi, don su za su yanke wane jirgi ya dace da kai.