Amsa ga 'yar uwar da ɗanta ya ƙi saka gilashin magani

Wa'alaikumussalam 'yar uwa. Kin ce yaronki ɗan shekara 6 an yi masa gilashi, lambar ido ɗaya ta fi ta ɗayan sosai, yana sakawa sai kukan jiri da ciwon kai, har kina tunanin ki ajiye masa. Don Allah kar ki ajiye, ni abin nan a kaina ya faru.

Idona na dama lafiya lau, na hagu lambar gilashinsa +4, kuma ba wanda ya gane a gidanmu saboda na daman ne ke ɗauke da aikin duka, sai da na kai aji uku na sakandare wata rana kwalli ya shigar min idon dama na rufe shi, na ga allo ya zama hazo. Lokacin da aka kai ni asibiti likita ya ce an makara, ƙwaƙwalwa ta riga ta saba da watsar da hoton idon hagu tun ina ƙarama. Har yau da gilashi ma ba ya gani ras, kuma abin yana min ciwo wallahi.

Jirin nan gaskiya yaron yake faɗa, ba shagwaɓa ba ce. Gilashin plus (mai alamar +) yana ƙara girman abu, na minus (mai alamar -) yana rage shi, to in lambobin sun bambanta ido ɗaya zai kawo hoto babba ɗayan ƙarami, kusan kashi 1 cikin 100 a kan kowace lamba, in tazarar ta kai 3 ko 4 haɗa su ya zama aiki. Ni farkon sakawa matakala ma tsoro take ba ni. Amma yara sun fi mu saurin sabawa, in yana sakawa kullum daga safe har dare.

Ki mayar da shi sashen ido na Asibitin Koyarwa na Tarayya (FTH) nan Gombe, ki tafi da gilashin a sake auna shi, ki tambaya ko an ɗiga masa maganin da ke buɗe ƙwayar ido kafin gwajin, don yara sai da shi ake samun lambar gaskiya. Wataƙila su ce a riƙa toshe idon mai kyau na wasu awanni a rana don a tilasta wa mai raunin aiki, kuma hakan ya fi ci kafin shekara 7 zuwa 8. Kontak lens, wato ɗan siririn gilashin da ake ɗorawa a kan ƙwayar ido, shi ma yana rage bambancin hoton, ni shi nake sakawa yanzu, sai dai lokacin hunturu ƙura tana wahalar da ni.

Banda gilashin kasuwa don Allah, lamba ɗaya suke yi wa ido biyun. Allah ya ba shi lafiya.