Zurfi ko faɗi: wane irin rami ne zai tare ruwan sama da laka?

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Ina da fili hekta 2 a gangaren Rikkos, Jos, muna ginin makaranta. Tun da katafila ta share wurin, duk ruwan da aka yi sai ya kwashi jar ƙasa ya toshe kwalbatin da ke ƙasa da mu, har maƙwabta sun kai kuka wurin mai unguwa. Mai haƙa ya ce a yi rami tsawo mita 10, faɗi mita 10, zurfi mita 4. Zai isa?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji, Allah Ya sa wa aikin albarka. Ba zai isa ba, kuma ƙarin zurfi ba zai gyara shi ba. Aiki biyu kake nema daga ramin nan: ya riƙe ruwa, ya kuma kwantar da laka, kowanne da lissafinsa.

Na riƙon ruwa shi ne mai sauƙi. Milimita 1 ta ruwan sama a kan murabba'in mita 1, lita 1 ce. Filinka murabba'in mita 20,000 ne. A ce an yi ruwan milimita 50, kuma kashi 60 cikin 100 ya gangaro saboda ƙasar ta daddale ga kwanon rufi da siminti, to kubik mita 600 ne zai nufo ramin. Kowane kubik mita jarka 40 ce mai lita 25. Ramin mai haƙarka kubik mita 400 kawai zai ɗauka. Wannan 50 ɗin misali na kawo. Ainihin alƙaluman Jos a wurin NiMet, hukumar hasashen yanayi ta Najeriya, ake samu, kuma da su ya kamata a yi aiki. Mutanen Rikkos da Gangare da suka ga ambaliyar Yulin 2012 sun san abin da ruwan dare ɗaya kan iya yi.

Na lakar kuwa, ka fara da kwalba. Ka ɗebi ruwan da ke fita daga filin, ka girgiza, ka ajiye a bakin taga. Kafin ka juya yashi ya zauna. Bayan ɗan lokaci za ka ga wani laushin taɓo ya kwanta a kansa. Ruwan saman kuma har gobe yana nan jajur, wannan yumɓu ne. A ruwan da ba ya motsi, yashi mai laushi kan nutse mita 1 cikin kamar minti 2, ƙwayar laka mai kaurin milimita 0.02 tana cin kusan minti 50, yumɓu kuwa sai ya haura kwana 3.

Abin da mutane ke sha'afa shi ne, in ka ninka zurfi, ruwa zai daɗe a ciki ninki biyu, amma tafiyar da ƙwayar za ta yi kafin ta kai ƙasa ma ta ninka. Ba riba ke nan. Tun 1904 injiniya Allen Hazen na Amurka ya nuna cewa faɗin saman ruwa ne ke yanke hukunci: a raba yawan ruwan da ke wucewa a daƙiƙa da saurin nutsewar ƙwayar. In ana tsuga ruwa milimita 75 a awa, filinka zai turo kubik mita 0.25 a daƙiƙa. Ƙwayar lakar can mai kaurin milimita 0.02 tana nutsewa milimita 0.35 a daƙiƙa. Lissafi ya ba da murabba'in mita kusan 700, ramin da aka ce ka haƙa kuwa 100 ne. Yashi zai tare, lakar ta wuce kwalbatin maƙwabta kamar da.

Da ni ne, tafki zan yi mai tsawon mita 40 da faɗin mita 18, a auna a tsakiyar zurfinsa. Zurfin mita 1.5: santimita 30 na ƙasa wurin tara laka, 90 na ruwa, 30 na sama rara. Na san ba daɗi a sadaukar da kusan kashi 5 cikin 100 na fili, amma ya fi gaba da maƙwabci sauƙi. Ruwa ya shiga ta wannan kai ya fita ta wancan. In mashiga da mafita suna kusa, ratsewa zai yi. A jera duwatsu a mashiga don karya ƙarfinsa. Mafitar ta riƙa ɗibar ruwa daga sama, ta ƙarar da shi cikin awa 24 zuwa 48, don kada sauro ya yi gida, kuma ruwa na gaba ya tarar da wuri. A gefe a bar hanyar malala mai daɓen dutse saboda ranar da ruwa ya fi ƙarfin lissafi.

Abin da ya fi tayar mini da hankali a shawarar mita 4 shi ne yara. Makaranta kake ginawa, kuma mu a Filato mun sha jin labarin yaran da suka nutse a kududdufan kuza. Gefen tafkin ya kwanta, kowace mita 1 ta zurfi a ja mita 3, a kuma kewaye shi da waya.

Ka kafa sanda mai alama a ciki, da laka ta kai rabin wurinta a kwashe. Yumɓu kam tafki ba zai kama shi duka ba, don haka duk inda ba a gini ka shuka ciyawa ko ka zuba tsakuwa, a gama haƙar kuma da rani, kafin ruwan Afrilu ya sauka.